Galle: filin da masu murza ƙwallo suka mayar gidansu

Daga tashar jirgin ƙasa ta Kolombo na kama hanyar kudu zuwa Galle, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 100, kuma mafi yawanta layin dogon yana bin gaɓar teku ne, har a wasu wuraren mutum kan ji danshin ruwan gishiri a fuskarsa idan taga a buɗe take. Niyyata guda ce, wato in ga filin wasan kurket na wannan gari na ƙasar Siri Lanka, wanda na daɗe ina kallonsa a talabijin, in kuma fahimci dalilin da ya sa masu jefa ƙwallo, musamman masu murza ta da yatsu ko da wuyan hannu, suke yin abin a zo a gani a cikinsa fiye da yadda suke yi a galibin filayen duniya. Kafin mu isa, jirgin ya ratsa ta Peraliya, ƙauyen da igiyar tsunami ta kifar da jirgin fasinja a ranar 26 ga Disamba, 2004, mutane fiye da 1,000 suka rasu. Igiyar nan ce ta lalata filin Galle, sai a Disamban 2007 aka sake buga babban wasa a cikinsa.

Filin ba ya da wuyar samu, domin da fitowa daga tasha, a gefen hayaniyar tashar motoci, ga shi nan shimfiɗe a gindin ganuwar da Turawan Fotugal suka fara ginawa a ƙarni na 16, Turawan Holan kuma suka faɗaɗa ta bayan sun ƙwace garin a 1640. Babu wasan ƙasa da ƙasa a lokacin da na je, saboda haka na hau kan ganuwar, kusa da hasumiyar agogo, inda marasa kuɗin tikiti kan tsaya su kalli wasa kyauta. Daga nan ana ganin komai: koriyar ciyawa, da doguwar farfajiyar ƙasa mai tsawon yadi 22 a tsakiya, da teku ta ɓangarori biyu. Ma'aikata suna jan tamfol, wasu suna tura abin daddale ƙasa, iska kuma tana kaɗawa daga teku ba ta tsagaitawa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, a babban wasan da ake kira Test, wanda kan kai kwana biyar, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 da zagayen bugu biyu: ɓangare ɗaya yana jefa ƙwallo, ɗayan yana bugunsa da sanda don tara maki, kuma yawanci sai an fitar da 10 daga cikin masu bugu kafin zagayensu ya ƙare. Majefin da ya fitar da mutum biyar a zagaye guda ya yi abin yabo, wanda ya fitar da goma a wasa guda kuwa sunansa ya shiga tarihi. A Galle rana da iskar teku suna busar da farfajiyar tun da wuri, ƙasar ta fara daddarewa tana ƙura, ta yadda idan ƙwallon da aka murza ya dira sai ya kama ƙasa ya karkace, wani lokaci ya yi tsalle, wani lokaci ya sulale ƙasa-ƙasa. Iskar ma tana jan ƙwallon tun yana sama. Wani dattijo da na tarar zaune a kan ganuwar, wanda ya ce tun wasan farko na 1998 da aka yi da New Zealand yake zuwa kallo, ya karɓi ƙwallon tanis daga hannun yaran da ke wasa a kusa da mu, ya ware yatsan nuni da na tsakiya a kansa, ya murza shi da sauri har na ji ƙarar yatsunsa. Ƙwallon ya dira a kan dutse ya kauce gefe da kusan kamu biyu, yaran suka sheƙe da dariya suna roƙon ya sake.

Sunan da ya fara zuwa bakin kowa a nan shi ne Muttiah Muralitharan, ɗan ƙabilar Tamil daga Kandy, wanda ya fitar da mutum 111 a wannan fili kaɗai. A shekarar 2000 ya fitar da 'yan Afirka ta Kudu 13 a wasa guda a nan. Amma labarin da aka fi maimaitawa shi ne na wasansa na ƙarshe, a Yulin 2010, da Indiya. Ya sanar da cewa daga wannan wasan zai ajiye Test alhali jimillar mutanen da ya fitar 792 ne, wato saura takwas ya cika 800, adadin da babu wanda ya taɓa kai wa. Ruwan sama ya cinye yini guda cur. Ya samu biyar a zagayen farko, ya ƙara biyu a na biyu, sannan ya maƙale a 799, yayin da abokin wasansa Lasith Malinga ke ta kwashe sauran, har aka zo kan mutum biyu na ƙarshe, Ishant Sharma da Pragyan Ojha, waɗanda suka turje na tsawon lokaci. Da wani majefin ya fitar da ɗayansu, da shi ke nan. A ranar 22 ga Yuli ƙwallon ya shafi gefen sandar Ojha, Mahela Jayawardene na Siri Lanka ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, Ojha ya fita, kuma da wannan jifa ta ƙarshe a rayuwarsa ta Test ya cika 800. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɗaga ritayarsa zuwa ƙarshen jerin wasannin da ake yi da Indiya don ya samu sarari ba. Ya yanke wa kansa wa'adi ya tsaya a kai.

Duk da haka, wanda zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne Rangana Herath, gajere mai ɗan jiki, mai jifa da hagu, ma'aikacin banki, wanda ya fara Test a wannan fili a 1999, sannan ya shafe kusan shekara goma a inuwar Muralitharan ana kiransa jefi-jefi. A 2009 yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya a Ingila aka kira shi cikin gaggawa saboda Muralitharan ya ji rauni, ya sauka daga jirgi kusan kai tsaye zuwa fili, ya fitar da 'yan Fakistan huɗu a zagayen ƙarshe alhali maki 15 kacal suka samu daga jifarsa, Siri Lanka ta ci wasan da aka riga aka fid da rai da shi. A 2015 Indiya na neman maki 176 kawai, ya fitar da bakwai da maki 48, aka tattara su a 112. A 2016 ya fitar da 'yan Ostareliya uku da jifa uku a jere. Ba ya da karkatar ƙwallo mai ban tsoro irin ta Muralitharan. Abin da yake da shi shi ne haƙuri da saiti, ya dinga ajiye ƙwallo a wuri guda, yana ɗan sauya gudu da kusurwa, har mai bugu ya gaji ya yi kuskure. Ya san filin nan kamar yadda tsohon manomi ya san inda ruwa ke kwanciya a gonarsa. A nan ya yi bankwana a Nuwamban 2018, da mutum 102 a Galle, 433 a jimlace, mafi yawansu bayan ya haura shekara 30.

Baƙi ma sun ci rabonsu. A nan Shane Warne na Ostareliya ya cika mutum 500 da ya fitar a Test a Maris na 2004, a nan kuma ɗan ƙasarsa Nathan Lyon ya fitar da Kumar Sangakkara na Siri Lanka da jifarsa ta farko a Test a 2011. Masu jifar ƙarfi ba a bar su a baya ba, domin Mitchell Starc, shi ma ɗan Ostareliya, ya fitar da 11 a wasan 2016, ko da yake ƙasarsa ta sha kashi.

Da azahar ta yi na sauka cikin tsohon garin na yi salla a masallacin Meeran, farin gini da ke fuskantar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, a unguwar da Musulmi 'yan kasuwar duwatsu masu daraja suka daɗe da zama. Bayan salla hira ta sake komawa kan kurket, wani matashi ya tuna mini da wasan Yulin 2022, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, babu fetur, babu wutar kirki, masu zanga-zanga suka cika saman ganuwa a ranar da aka kutsa fadar shugaban ƙasa a Kolombo. A cikin wannan yanayi Prabath Jayasuriya, mai shekara 30, wanda aka saka shi bayan cutar korona ta kama wasu 'yan wasan, ya fitar da 'yan Ostareliya 12 da maki 177 a wasansa na farko, shida a kowane zagaye.

Matashin ya kuma ambaci maganar da ta taso a 2018, cewa babbar rumfar 'yan kallo tana tare ganuwar, har ana fargabar garin zai rasa matsayin wurin tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta ba shi a 1988, aka ma yi batun gina wani fili a wajen gari. Ba na raina hujjar masu kare kayan tarihi, kuma idan rumfar ce matsala, a rage mata tsawo. Amma ɗauke wasan daga nan ba zan goyi bayansa ba, domin za a iya kwashe kujeru da allon maki zuwa ko'ina, amma ƙasar da ke daddarewa a rana ta uku da iskar da ke ratsowa daga teku ba za su bi mota ba, kuma su ne suka sa majefa uku 'yan ƙasa guda, ɗaya bayan ɗaya, suka gagari manyan masu bugun duniya a wannan wuri.