Ba kowane kore ne gona ba: yadda taswirata ta ruɗe ni a Epe

Wata uku na ɓata, kuma har yau abin yana ci mini rai. Aikin digirina na biyu ne, in auna yadda gine-gine suka cinye gonaki daga Ikorodu zuwa Epe a jihar Legas tsakanin 2002 da 2022. Sauke hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat da jera su a manhajar taswira ta QGIS bai ba ni wuya ba, tunda hotunan kyauta ne tun 2008. Hadarin Legas ne kawai ya sa na tsaya kan hotunan Disamba da Janairu.

Kuskurena shi ne daga ɗakina a Agege na koya wa kwamfuta abin da ake kira gona. Duk inda na ga kore shimfiɗe, ba daji ba, ba fadama ba, sai in ce mata gona ce. Taswira ta fito tsaf, tana cewa noman yankin Epe bai ja baya sosai ba. Har malamina na kai wa.

Kawuna, wanda ya shekara da shekaru yana harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12, shi ya fara tsayar da ni. Ya duba allon ya ce, "Ɗana, wannan wurin na san shi. Tun yaushe aka sayar! Ka je ka gani da idonka."

Na je. Wurin da na shafa wa launin gona, katanga ce ta bulo, da ƙofar ƙarfe da allon kamfanin sayar da filaye, ciki kuwa ciyawa har ƙirji. Na gaba ma haka. Masu filaye sun saya sun killace suna jiran farashi ya tashi, musamman tunda aka fara matatar Ɗangote a Ibeju-Lekki. Daga sama, ciyawar nan da gonar rogo duk kore ne, tauraron ɗan'adam bai san an kori manomi ba. Na tsaya a bakin katangar nan jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, lissafin a gabana yake ban yi ba. Ɗigo ɗaya a hoton Landsat mita 30 ne sau 30, wato murabba'in mita 900, ya fi fulotin Legas na ƙafa 60 sau 120 girma. Ta ina katanga za ta fito? Haka kuma 'yan'uwanmu masu lambun alayyafo da latas a gefen Ojo, fangalinsu ƙanana ne a tsakanin gidaje, irin wannan ɗigo zai haɗiye su ya ce gini ne.

Sai na sake daga tushe. Na ɗauko hotunan wani tauraron, Sentinel-2, mai ɗigon mita 10, don shekarun bayan 2015, na bi wuri guda wata bayan wata, domin gona ana share ta, a shuka, a girbe, korenta na hawa da sauka, fili killatacce kuwa ba mai taɓa shi. Na ƙara rukuni na musamman, “an killace, ba a gina ba”. In za ka yi irin wannan aiki, ka ware kuɗin mota kafin kuɗin data, ka taka wuraren da GPS ɗin wayarka kafin ka koya wa kwamfuta komai.

Da na nuna wa Kawu sabuwar taswirar, yatsa ya ɗora kan hanyar Epe ya ce, "Yawwa, wannan ita ce wadda na sani."