Aikin da na samu bayan ritaya

A Kamaru, ma'aikacin gwamnati na rukunin A ko B, wato manyan rukunan aikin gwamnati, yana ajiye aiki da shekara 60, kuma haka na bar aji a Garwa da sauran ƙarfina. Watannin farko sun yi mini nauyi ƙwarai, domin wanda ya saba fita da sassafe yara suna jiransa, zaman tabarma a ƙofar gida daga hantsi zuwa azahar ba ya zame masa hutu.

Wata maƙwabciyata ce ta shigo da ɗanta da ke ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ta ce, "Malam, an ce ba zai rubuta CEP, jarrabawar kammala firamare, ba, don ba shi da takardar haihuwa." Yaron ya tsaya a bayanta, littattafansa a cikin leda, idonsa a ƙasa. Na sha ganin irinsa a aji, amma a wancan lokacin iyakata in tura iyaye ofis. Idan wa'adin rajistar haihuwa ya wuce, sai an bi ta kotu an samo hukunci da shaidu, sannan ofishin magajin gari ya rubuta takardar, kuma wannan hanya tana da wuya ga uwar da ba ta jin Faransanci.

Yanzu ni ke cike musu takardu, in raka su kotu, in fassara musu da Hausa ko Fulatanci. Ba na karɓar ko sisi, fanshona ya ishe ni, alhamdu lillahi. Ina roƙon abokaina malamai da suka yi ritaya su leƙa makarantun unguwanninsu tun kafin a buɗe rajistar jarrabawar bana.