Jimillar ruwan shekara ba ta faɗar yadda damina ta kasance

Masu cewa ruwan sama ya dawo a yankin Sahel ba ƙarya suke yi ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ruwan ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka gwada da na shekarun 1950, kuma a tsakanin nan ne aka sha farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984. Daga shekarun 1990 jimillar ta fara farfaɗowa. Sai dai ruwan da ya dawo ba irin wanda ya tafi ba ne. Ranakun da ake samun ruwa ba su koma yadda suke a da ba, abin da ya ƙaru shi ne yawan ruwan da ke zuba a hadari guda. Wannan shi ne babban abin da binciken shekarun nan ya nuna, kuma shi ya sa jami'i zai duba takarda ya ce damina ta yi kyau, manomi ya leƙa rumbu ya ce ba haka ba.

A ɗauki damina biyu, kowacce milimita 600. A ta farko ruwan ya rarrabu a kwana hamsin, yau goma, jibi sha biyar, marka ta zauna a Agusta. A ta biyu hadari biyar kawai suka sauke rabin ruwan, aka yi kwana goma sha biyu ba ɗigo a Yuni, aka sake yin wani yankewar lokacin da gero ke cikin fitar da kai. A littafin ma'aikata lissafinsu ɗaya, a gona kuwa ɗaya shekarar ƙoshi ce, ɗaya ta sayen hatsi.

A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa a Ingila suka fitar da nazarin hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35. Sun gano cewa manyan hadarurruka mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Irin waɗannan hadarurrukan, masu tasowa daga gabas da iska da ƙura kafin ruwa ya kece, su ne ke kawo kusan kashi 90 na ruwan yankin. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara na ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita. Wannan bambancin yana ƙarfafa saɓanin iskar sama da ta ƙasa, hadari ya samu damar haɗuwa ya yi tsayi ya daɗe. Ga kuma ƙa'idar da ba ta canzawa: duk ƙarin zafi na digiri ɗaya, iska na iya riƙe ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7. Idan ta tashi saukewa, da yawa za ta sauke.

Abin da wannan ke yi wa gona ana iya lissafa shi. Milimita ɗaya na ruwa lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya, wato lita 10,000 a hekta. Hadarin milimita 60 ya zuba lita 600,000 ke nan a hekta guda, wani lokaci cikin ƙasa da awa ɗaya. Jigawa mai yashi wadda ke da ciyawa ko karan bara a kanta tana iya shanye mafi yawansa. Amma ƙasar da aka share tas, ɗigon ruwa mai ƙarfi yana farfasa ƙwayoyinta, laka mai laushi ta toshe ƙofofin, ta bushe ta zama ɓawo. Ɓawon bai kai kaurin farce biyu ba, amma ya isa ya hana ruwa shiga. A kan fako, fiye da rabin ruwan yana iya gudu, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, da ƙasar sama da takin da aka watsa yake tafiya. Saboda haka gonar da ma'auni ya ce ta samu 60, saiwar gero ƙila 25 ta gani.

Inda asara ta fi yawa shi ne farkon damina. Ruwan farko yana zuwa da ƙarfi, ƙasa ta jiƙu, kowa ya fita da iri, sannan sama ta ɗauke. Yashi ba ya riƙe ruwa da yawa. Santimita 15 na sama, inda saiwar sabon tsiro take, abin da ke ciki bai fi milimita goma zuwa sha biyar ba, rana da iska kuwa suna iya kwashe milimita biyar ko fiye a yini a watan Mayu da Yuni. Kwana uku ko huɗu saman ya bushe, zafin yashi da tsakar rana ya haura digiri 50, tsiro ya ƙone. A sake shuka, a sake sayen iri, a rasa mako biyu ko uku daga daminar da ma ba ta da tsawo.

Don wannan ne wani masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, M. V. K. Sivakumar, ya fito da ma'auni a 1988 wanda har yau ake aiki da shi. Damina ta kankama ne idan, bayan 1 ga Mayu, an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a samu yankewar da ta wuce kwana bakwai ba a kwana 30 da suka biyo baya. Rabin farko manomi zai iya aunawa da kansa. Rabi na biyu ba wanda ya san shi sai bayan ya wuce, kuma nan ne hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai ke da amfani. Mutane sun fi kama ranar saukar damina daga hasashen, alhali shafin da ke magana kan yankewar ruwa a Yuni da Yuli shi ya fi shafar aljihu. Kuma a riƙa tuna cewa hasashen damina magana ce ta yiwuwa a kan yanki mai faɗi, ba alkawari ba ne ga gonar wane.

Ma'aunin ruwa ba abu ne mai tsada ba. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa daidai yake da faɗin gindinsa, ya wadatar. A ɗaure shi a kan turke, bakinsa a daidaice ba karkace ba, nesa da bango ko bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. A auna da rula kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta, a zubar. Kurakuran da aka fi yi uku ne: amfani da bokiti mai faɗin baki, wanda ke nuna ruwa fiye da yadda aka yi, barin awo sai azahar bayan rana ta sha wani, da ƙin rubuta ranakun da ba a yi ruwa ba. Na ƙarshen nan shi ya fi ɓata aiki, domin sifilin ne ke nuna tsawon yankewa. Kada kuma a dogara da awon filin jirgin sama ko na sakatariyar ƙaramar hukuma. Ma'aunan da masu bincike suka jera kewayen Yamai tun 1990 sun nuna cewa wurare biyu da ke da tazarar kilomita goma suna iya bambanta da fiye da milimita ɗari a damina ɗaya.

Wanda ba shi da ko gwangwani, ya haƙa da hannu washegarin ruwa. Idan laima ba ta kai zurfin taƙi ba, wannan ruwan na kwantar da ƙura ne. Binne, wato zuba iri kafin ruwa, yana da hujjarsa ga mai gona da yawa da hannu kaɗan, amma yayyafin milimita biyar ya isa ya tayar da irin ya bar shi ya mutu. Gero ya fi jure wannan caca saboda irinsa kaɗan ne kuma da arha. Masara da gyaɗa ba a yi musu haka. Takin zamani ma gara a jinkirta shi, ko a sa kaɗan a gindi: gram 6 na NPK 15-15-15 ko gram 2 na DAP a kowane rami, a gefe ba a jikin iri ba. Watsa yuriya a kan busasshiyar ƙasa ana tsammanin hadari asarar kuɗi ce ta kowace fuska, in ruwan bai zo ba ta bi iska, in ya zo da ƙarfi ta bi ƙorama.

A kan fako, maganin shi ne a tsayar da ruwa inda ya faɗi. Tassa, wadda ta bazu a jihar Tawa musamman wajen Illela da Badagishiri, rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara kamar mita ɗaya, wato rami 10,000 a hekta. Ana haƙa shi da rani, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare, a zuba cikin hannu ɗaya ko biyu na ruɓaɓɓen taki. Gara na zuwa cin takin, ta huda ramuka, ruwa ya bi su ya nutse. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma ba ko'ina yake yi ba. A yashi tsantsa ramin yana cikewa da iska tun kafin damina, a laka mai nauyi kuma ruwa na kwanciya ya ruɓar da saiwa a shekarar marka. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro idan ruwa ya ɗauke. Barin kara a gona da ƙyale tohon itatuwa, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi har aka farfaɗo da kusan hekta miliyan biyar, ya fi kowace dabara arha wajen hana ɓawo.

Zafi kuma yana cin amfanin gona ko da ruwa ya wadata. Nazarin da Benjamin Sultan da abokansa suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa ɗumamar da ta riga ta faru ta rage amfanin gero da kashi 10 zuwa 20, na dawa da kashi 5 zuwa 15 a Afirka ta Yamma tsakanin 2000 da 2009. Zafi yana gaggauta girman shuka, kwanakin cika ido su ragu, tsaba ta fito ƙanana. Shinkafa idan ta yi fure a zafin da ya haura digiri 35 takan yi holoƙo. Alkamar Kadawa in ba a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris ne zai tarar da ita. Iri mai saurin nuna irin su geron SOSAT yana rage haɗarin ɗaukewar ruwa da wuri, amma yanzu da ake samun ruwa har cikin Oktoba a wasu shekarun, wanda ya nuna da wuri yana iya yin fumfuna a gona. A ganina, mai shuka rabi sabon iri rabi maiwa ko kaura ya fi wanda ya zuba duka a kwando ɗaya karanta yanayin nan daidai.

Ruwan da ya gudu daga gona bai ɓata ba, rafi ya tafi. Masu nazarin ruwa sun daɗe da lura cewa rafukan Sahel sun ƙara ruwa tun a shekarun fari, saboda sare daji da ɓawon ƙasa. A Yamai, jar ambaliyar Agusta da Satumba da ke fitowa daga rafuka irin su Sirba ta zo ta fi ruwan da ke gangarowa daga Gini a lokacin sanyi, kuma a Satumban 2020 kogin Kwara ya kai kusan mita bakwai a wurin awo. A kudu maso yammacin Nijar ruwan ƙarƙashin ƙasa ma ya hau da kusan mita huɗu tsakanin 1963 da 2007, domin ruwan da ya taru a tafkuna yana nutsewa. Amma kada a ɗauki wannan a shimfiɗa shi a ko'ina. A Kano da Zariya, inda dutse ne a ƙasa, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa ne kawai, ma'ajin ƙarami ne, kuma yawan rijiyoyin burtsatse a unguwa ɗaya ya fi sauyin yanayi saurin ƙafar da shi.

Haka nan ba kowace matsalar ruwa ce za a jingina wa sama ba. Raguwar ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru tana da alaƙa kai tsaye da dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992. Sakin ruwa daga dam ɗin rani da damina ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa na nutsewa, na ƙasa wajen Gashuwa na jira. Tafkin Cadi ya sauka daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, amma awon tauraron ɗan'adam ya nuna bai ci gaba da ƙanƙancewa ba a shekarun nan, kuma fiye da kashi 90 na ruwan da ke shigarsa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ba daga Komadugu Yobe ba.

Inda sauyin ya fi haɗari shi ne madatsun ruwa da gadoji da magudanai. Yawancin manyan dam na Arewa an zana su ne a shekarun 1970 da 1980, da alƙaluman ruwa na lokacin, ga yashi da laka sun rage musu ciki. Ɓallewar dam ɗin Alau a Satumban 2024, wadda ta mamaye Maiduguri, ta haɗa ruwa mai yawa da ginin da ya daɗe yana neman gyara. Injiniyan da zai sake lissafin mafitar ruwa ba jimillar shekara yake buƙata ba, ko ta yini ma ba ta isa ba. Yana buƙatar sanin milimita nawa ke iya zuba a minti 30 ko awa ɗaya, kuma wannan sai da ma'auni mai rubuta kansa, wanda aka bari yana aiki shekaru da yawa ba tare da giɓi ba. Tashoshin da ke da irin wannan tarihin a Arewa kaɗan ne, shi ya sa ake cike gurbi da awon tauraron ɗan'adam, wanda kuma yakan rage wa mafi ƙarfin hadari adadi.