Ɗaliban da ke ƙera injin roka mai shan makamashin ruwa

Yawancin rokokin da ɗaliban jami'a ke harbawa suna aiki ne da daskararren makamashi, wanda idan aka kunna shi babu mai iya kashe shi sai ya cinye. Ko rokar da ɗaliban Jami'ar Kudancin Kaliforniya suka cilla zuwa bakin sararin samaniya a 2019 irin wannan ce. Shi ya sa nake girmama ɗaliban da suka zaɓi injin mai shan makamashin ruwa, wato mai da oksijin masu ruwa-ruwa maimakon daskararru, domin da saninsu suka ɗauki aikin da ya fi wuya.

Masanin kimiyya Robert Goddard ne ya fara harba roka mai shan makamashin ruwa, ranar 16 ga Maris 1926 a jihar Masacusets ta Amurka, da fetur da ruwan oksijin, kuma ba ta wuce daƙiƙa biyu da rabi a sama ba. Har yau tushen aikin ɗaya ne: a tura mai da oksijin cikin ɗakin ƙonewa ta ƙananan ramuka, su gauraya su kama wuta, hayaƙin ya fita da ƙarfi ta ƙuntataccen maƙogwaro. Da yake famfon da manyan rokoki ke amfani da shi yana da wuyar ƙerawa, ɗalibai sukan tura ruwan ne da matsin iskar naitirojin ko hiliyam.

Babbar matsala ita ce zafi. Wutar da ke ciki tana kaiwa kusan digiri 3,000 a ma'aunin Salsiyas, wanda ya isa ya narkar da ƙarfen da ke riƙe da ita, alhali ruwan oksijin da ke shigowa sanyinsa ya kai digiri 183 ƙasa da sifiri. Dabarar da ta fi burge ni ita ce a sassaƙa siraran hanyoyi a jikin bangon ɗakin, mai ya bi ta cikinsu ya kwashe zafin kafin ya shiga ya ƙone. Akwai kuma batun tsabta, wanda ba a cika ambata ba. Ɗan maiƙon da ya maƙale a cikin bawul, wato abin da ke buɗe bututu da rufe shi, zai iya kamawa da wuta idan ya haɗu da oksijin, don haka ɗalibi kan wuni sanye da safar hannu yana wanke bututu ɗaya bayan ɗaya, yana rufe bakin kowane da leda mai tsabta.

Ranar gwaji ana ɗaure injin ne a ƙasa, kowa ya ja nesa bayan shinge, a buɗe bawuloli ta kwamfuta bisa jerin da aka tsara. Idan mai ya taru kafin wuta ta kama, injin na iya fashewa nan take. Idan kuwa komai ya tafi daidai, wutar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, daga nan sai a kwance injin a duba maƙogwaron ko ya zaizaye, a kuma gwada alƙaluman matsi da zafi da lissafin da aka yi tun farko.