Juriyar mahayi a tseren dawaki na dogon zango

Tseren kilomita 160 a yini guda ba irin sukuwar Sallah ba ce. A gasar Tevis ta jihar Kalifoniya a Amurka, wadda aka fara a 1955, awa 24 ake ba doki da mahayinsa su keta duwatsun Sierra Nevada zuwa garin Auburn, kuma kusan rabin waɗanda suka tashi ne kawai ke kaiwa. Da yawa daga cikin sauran a hannun likita suke faɗuwa, sau da yawa kuma zafin zuciyar mahayi ne sanadi.

Ana yanka tafiyar zango-zango, kowane zango likitan dabbobi na jira. A ƙa'idar FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, sai bugun zuciyar doki ya sauko zuwa 64 a minti ɗaya, kuma minti 15 kacal ake ba ka ka gabatar da shi. Agogonka yana ta tafiya har sai ka gabatar. Shi ya sa gwani ke sauka tun da sauran 'yar tazara, ya sassauta majayi, ya ja dokinsa a ƙasa. Wanda ya shigo a sukwane yana can yana ta kwara wa doki ruwa, shi kuwa ya wuce.

Likita zai danna dasashi ya ga ko jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu, ya tsunkuli fatar wuya ya ga ko ta koma nan take, ya saurari kukan hanji, sannan a sa doki sassarfa ya je ya dawo. Ɗingishi kaɗan ya isa a cire shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ruwa. Doki mai aiki cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda, gumin nasa kuma cike yake da gishiri, har ya zama jiki ya bushe amma ƙishirwa ba ta kama shi sosai ba. Don haka duk inda aka tarar da ruwa a tsaya, ko da abokan tafiya sun wuce. Idan wani na shayarwa, kada ka tashi ka bar shi, dokinsa zai ɗaga kai ya ƙi sha. Gishirin da ake ɗura wa doki a bari sai ya sha ruwa tukuna. Dokin da ya ƙi ciyawa a wurin hutu, ko kwiɓinsa yana zillo daidai da bugun zuciya, a sauke masa sirdi, tafiya ta ƙare. Tilasta masa ciwon ciki zai jawo, wanda kan iya kashe shi.

Juriyar da nake girmamawa ita ce ta mahayin da zai riƙe linzami da asuba lokacin da dokin Larabawa ke cin ƙarfe yana neman bin ayari, ya gangara tudu da ƙafarsa cikin duhu cinyoyinsa sun saɓule, ya ciyar da doki kafin ya sa loma a bakinsa. Shi ma dole ya ci ya sha, domin gajiyayyen mahayi karkacewa yake a sirdi, nauyinsa ya koma gefe guda, bayan doki ya yi miki.

Ko an ƙetare layin ƙarshe akwai sauran duba ɗaya, wanda ya zo na farko ma ana iya cire shi a nan. A Tevis, washegari da safe ake sake fito da goman farko, a ba wanda dokinsa ya fi lafiya kofin Haggin.