Kafin ka biya kuɗin dandalin da za ka buɗe shago a intanet

Ƙannena masu shirin buɗe shago a intanet, kuskuren da na fara yi, wanda har yau nake ganin ana maimaitawa, shi ne zaɓen dandali saboda kyan shafi. Mutum ya ga samfurin shago mai sheƙi, ya biya kuɗin shekara guda, sai daga baya ya gane masu sayen kayansa ba da kati suke biya ba, kuma ba a ƙofar gida suke karɓar kaya ba. Tambayoyin da ya kamata a fara da su uku ne: ta yaya kuɗi zai shigo hannunka, ta yaya kaya zai isa ga mai shi, kuma idan ka gaji da dandalin, da me za ka iya fita. Launi da ado su zo daga baya.

Mu fara da kuɗi, don a nan ne aka fi cin ribar mutum bai sani ba. Shopify kamfanin Kanada ne, ya fara aiki a 2006, kuma gaskiya yana da sauƙin sarrafawa: ba ruwanka da neman masaukin shafi (wurin da ake biya a ajiye shafin a intanet), ba ruwanka da sabunta manhaja. Amma tsarin karɓar kuɗinsa na kansa, Shopify Payments, ba ya aiki ga ɗan kasuwar da ke Najeriya. Dole ka haɗa shi da wani kamfanin karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave, kuma idan ka yi haka, a tsarinsa na Basic, Shopify yana cire kashi 2 cikin 100 na kowane ciniki, bayan kuɗin wata. Shi kuma Paystack, a katin cikin gida, yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100. Ana yafe naira 100 ɗin idan cinikin bai kai naira 2,500 ba, kuma abin da yake cirewa ba ya wuce naira 2,000 komai girman cinikin.

Ɗauki biro ka lissafa da kayanka. A ce turmin atamfa kake sayarwa naira 20,000, ribarka a kai naira 2,000. Paystack zai cire 400, Shopify ya cire wata 400. Naira 800 ta tafi daga cikin 2,000, kafin a yi maganar leda, data da kuɗin wata. Idan ciniki ya girma abin ya fi fitowa fili: odar lefe ta naira 500,000, Paystack ya tsaya a 2,000, amma kashi 2 ɗin nan ba shi da iyaka, naira 10,000 ce. Mai sayar da turare ko kayan kwalliya da ribarsa ta kai rabin kuɗin kaya zai iya ɗauka. Mai sarin atamfa daga Kantin Kwari, ko waya daga Farm Centre, wanda ribarsa siririya ce, ba zai ɗauka ba. Waɗannan farashi suna canzawa, don haka ka buɗe shafin kowane kamfani ka duba na ranar da za ka yi rajista.

Sai maganar dala. Duk dandalin da ake biyan kuɗinsa da dala, ka san haya ka kama wadda ba kai ke yanke farashinta ba. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda yake biyan dala 30 a wata ya tashi daga naira 13,800 zuwa 45,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. Kuma ba kuɗin wata kaɗai ba ne: ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a kan shagon, na ra'ayin kwastomomi, na aika saƙo, na lissafin kuɗin kai kaya, da yawansu kowace da kuɗinta na wata, su ma da dala. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Wanda katinsa ya ƙi biya, shagonsa na iya tsayawa. Kafin ka loda kaya ko ɗaya, ka tabbatar kana da katin da ya biya sau ɗaya ya wuce, da kuma na biyu a ajiye.

WooCommerce kuwa kyauta ne, ana ɗora shi a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet, kuma ba ya cire maka kaso a ciniki. Shi ya sa ake cewa ya fi arha. Haka ne, amma arha ba ta ado. Kai za ka sayi sunan shafi, kai za ka kama masauki, kai za ka riƙa sabunta manhajoji, kai za ka ajiye kwafin shagon saboda ɓacin rana. Idan ba ka iya ba, sai ka biya wanda ya iya, kuma wannan ma kuɗin wata ne ko da ba a kira shi haka ba.

Ga abubuwan da suka fi lalacewa a irin wannan shago. Na farko, kwastoma ya biya, kuɗi ya fita daga asusunsa, amma odar tana nan a matsayin wadda ba a biya ba. Yawanci dalili shi ne ba a saka adireshin da kamfanin karɓar kuɗi zai aiko da saƙon tabbatarwa ba, ko an saka ba daidai ba. Idan mai saye ya rufe shafi kafin kamfanin ya dawo da shi shagonka, ko sabis ya ɗauke masa a daidai lokacin, wannan saƙon ne kaɗai zai gaya wa shagon an biya. Na biyu, manhajar da ke ajiye kwafin shafuka don su riƙa buɗewa da sauri: idan ba a cire shafin kwando da shafin biyan kuɗi daga cikinta ba, sai mutum ya ga kwandonsa babu komai, ko ya ga tsohon farashi. Na uku, saƙon imel na sabuwar oda yana faɗawa cikin tarkacen saƙonni, ko ma ba ya fita, saboda masauki mai arha ba ya aika imel yadda ya kamata. Oda ta kwana biyu ba ka sani ba. Sai wanda na fi jin takaicinsa: rigar shafi (wato tsarin adonsa) ko manhajar kuɗi da aka sato aka ba ka "kyauta". Sau da yawa akwai ɓoyayyiyar ƙofa a ciki. Wata rana za ka wayi gari shafinka yana tura mutane wurin caca, Google ya sa masa alamar haɗari. Na taɓa karɓar irin wannan kyautar, kuma gyaran ya fi kuɗin saye tsada nesa ba kusa ba.

Akwai kuma na gida. Paystack yana da Storefront, Flutterwave yana da nasa shagon, dukansu ana buɗewa ba kuɗin wata, sai abin da ake cirewa a ciniki. Bumpa an yi shi ne don ƙananan 'yan kasuwar Najeriya, yana haɗa shafi da lissafin kaya da rasit. Selar ya fi dacewa da mai sayar da abin da ake saukewa, kamar littafi ko darasi. Ba su kai manyan dandali yawan kayan aiki ba, amma da naira suke magana kuma sun san taransfa. Ra'ayina, wanda kayansa ba su kai kala 50 ba, kuma odarsa ba ta kai 30 a wata ba, ya fara daga nan, ko ma daga kundin kaya na WhatsApp Business, wanda yake ɗaukar kaya har 500. Jumia da Konga, waɗanda duka suka fara a 2012, wani abu ne dabam: kasuwa ce ka kama rumfa a ciki. Suna kawo masu saye, suna cire kamasho gwargwadon nau'in kaya, kuma kwastoman nasu ne. Jiji talla kawai kake sakawa, ciniki tsakaninka da mai saye ne.

Komawa kan taransfa. Mai saye a Kano, Gusau ko Yola ya fi sakin jiki da a ba shi lambar asusu ya tura daga OPay, Moniepoint, PalmPay ko manhajar bankinsa, a kan ya rubuta lambobin katinsa a shafin da bai sani ba. Dandalin da bai ba da wannan zaɓi ba zai sa mutane su cika kwando su tafi. Amma kada ka liƙa lambar asusunka kawai ka ce a turo hoton rasit. Hoton rasit ana ƙirƙirarsa, alat na bogi ma haka, kuma idan oda goma ta shigo rana ɗaya da kuɗi iri ɗaya ba za ka san wa ya biya ba. Abin da kake so shi ne tsarin da yake ba kowace oda lambar asusu ta wucin gadi, da zarar kuɗi ya shiga odar ta koma "an biya" da kanta. Ka sani kuma kuɗin ba nan take yake faɗo maka ba; a Paystack sai ranar aiki ta gaba, wato cinikin Juma'a yana iya kaiwa Litinin. Mai juya jari kullum ya sa wannan a lissafi. Sannan asusun Paystack na wanda bai yi rajistar kasuwanci da hukumar CAC ba yana da iyakar kuɗin da zai karɓa, gara ka yi rajistar da wuri kada iyakar ta same ka ana tsakiyar cinikin sallah.

Kai kaya shi ne inda dandalin waje ya fi nuna ba a nan aka haife shi ba. Fom ɗinsa yana neman lambar gidan waya da sunan titi, alhali kwastomarka adireshinta "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙofa". Ka duba ko dandalin zai bar ka ka cire tilascin lambar gidan waya, ka mai da lambar waya ta zama dole, ka ƙara gurbin kwatance. Ka duba ko za ka iya raba kuɗin kai kaya kashi-kashi: cikin gari da ɗan acaɓa ko ɗan sahu, jihohin kusa da motar tasha, nesa da kamfani irin GIG Logistics, da kuma zaɓin mutum ya zo ya karɓa a shago. Kuskurena a nan shi ne saka kuɗi ɗaya ga kowa: na kusa ya ga tsada ya fasa, na nesa kuma ni nake cika masa daga ribata. A rubuta nauyin kowane kaya tun ranar loda shi, domin da nauyi kamfanonin suke caji. Biya bayan an kawo kaya kuwa, in za ka yi, ka tsayar da shi a cikin gari. Kayan da aka ƙi karɓa a wata jiha kuɗin mota biyu ne a kanka.

Nau'in kayanka ma yana da ta cewa. Shadda ana sayar da ita da yadi, wani zai ce yadi huɗu da rabi, kuma yawancin dandali ƙidayar ɗaya, biyu, uku suka sani. Mafita ita ce ka mai da rabin yadi ya zama guda ɗaya, ko ka tsara yadi 4, 5 da 10 a matsayin zaɓi. Shopify zaɓi iri uku yake bari a kan kaya ɗaya, misali launi, girma da irin yadi. Na huɗu sai da ƙarin manhaja. Idan kuma kana da shago a kasuwa, ka tabbatar abin da aka sayar a hannu yana raguwa a lissafin intanet, in ba haka ba za ka karɓi kuɗin abayar da yaron shago ya sayar tun da safe.

Kada ka yanke hukunci a kan kwamfuta. Loda kaya 10 na gaske a lokacin gwaji, ka matse kowane hoto ya koma ƙasa da kilobait 200, sannan ka ari ƙaramar waya itel ko tsohuwar Tecno, ka kashe wayifai, ka sayi kayan naira 200 da kanka: sau ɗaya da kati, sau ɗaya da taransfa, sau ɗaya kuma ka rufe shafin ana tsakiyar biya. Ka ga ko odar ta shigo, ko sanarwa ta iso, ko lissafin kaya ya ragu. Bayan nan ka miƙa wa Hajiya ko wani babba a gida wayar, ka ce su saya, kada ka ce musu uffan. Inda suka tsaya suna tambaya, nan kwastoma zai gudu. Idan shagon ya tilasta buɗe asusu da imel kafin a saya, kashe wannan.

Saura maganar fita, wadda ba wanda yake tunaninta ranar shiga. Sunan shafinka, ko .com ne ko .com.ng da hukumar NiRA ke kula da shi, ya kasance da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistarsa, a asusun da kai kake riƙe da kalmar sirrinsa. Na taɓa barin mai haɗa min shafi ya yi rajista da nasa, ranar da muka saɓa sai sunan ya zama abin ciniki. Haka asusun karɓar kuɗi da na masauki. Idan dandali ya ba ka adireshi kyauta a ƙarƙashin sunansa, to ranar da ka tashi, duk katin talla da ledar da ka buga sun tashi a banza. Sayen naka sunan tun farko ya fi. Kafin ka biya, nemo maɓallin fitar da bayanai ka danna: jerin kaya, jerin oda da jerin kwastomomi su sauko a fayil ɗin CSV da zai buɗe a Excel, lambobin waya cikakku. Ka riƙa saukewa duk ƙarshen wata, hotunan kayanka na asali kuma ka ajiye su a wani wuri dabam, don fayil ɗin adireshin hoto kawai yake ɗauka ba hoton kansa ba. Lambobin nan amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka, kada ka sayar ko ka ba wani.

Kuɗin shekara da ake yi wa ragi kuwa, ka bar shi tukuna. Biya wata-wata har wata uku, ka bari sallah ɗaya ko lokacin bukukuwa ya wuce ta kan shagon, sannan ka haɗa abin da dandalin ya ci duka, da kuɗin wata da kaso da manhajoji, ka raba da yawan odar da ta shigo ta hanyarsa. Idan abin da ya faɗo a kan kowace oda ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ribarka, sauke fayilolinka ka gwada na gaba.