Brian O'Driscoll da lamba 13

A ƙwallon zari-ruga, mai lamba 13 ne ke tsaron fili mafi faɗi a bayan 'yan gaba. Cikin daƙiƙa guda zai yanke shawara: ya afka wa mai ƙwallo, ko ya ja gefe ya rufe hanya. In ya yi garaje, sai a miƙa ƙwallo ta bayansa, fili ya buɗe. Brian O'Driscoll, tsohon mai lamba 13 na ƙasar Ayilan, haifaffen Dublin a 1979, ya ƙware a wannan hukunci matuƙa.

Ya fara buga wa Ayilan wasa a 1999. A 2000 ya ci maki ta hanyar dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya sau uku a Paris, ƙasarsa ta doke Faransa a can karon farko tun 1972. Abin da na fi yaba masa shi ne ƙwace ƙwallo bayan an kayar da abokin hamayya: ya sake shi, ya kafe ƙafafu, ya durƙusa kaɗan ba tare da gwiwa ta taɓa ƙasa ba, don in ta taɓa, alƙalin wasa zai busa.

A 2005 kafaɗarsa ta goce a Niyu Zilan. Ya dawo, ya jagoranci Ayilan ta lashe dukkan wasanninta biyar a gasar ƙasashe shida ta 2009. Ya yi ritaya a 2014 bayan buga wa Ayilan wasanni 133.